Teburin Mamata A Meksiko, Sadaka A Kano: Yadda Gida Ke Riƙe Sunan Wanda Ya Rasu

Idan aka yi rasuwa a Darmanawa, ko Gyaɗi-Gyaɗi, ko wata unguwa a ƙaramar hukumar Tarauni, mai wucewa ba ya buƙatar a gaya masa. Zai ga tabarmi a ƙofar gida, wani lokaci da rumfa ta tare rabin layi, dattawa sun jeru sun jingina da bango, duk wanda ya iso ya tsuguna a yi addu'a a shafa. Mata na cikin gida suna karɓar tasu gaisuwar. Bayan kwana uku a naɗe tabarmi, masu rumfa su kwance kayansu, layi ya koma yadda yake. Wanda ya shiga gidan bayan wata biyu da wuya ya ga alamar an yi rashi, in ban da matar da ke takaba.

A ƙasar Meksiko, can maƙwabciyar Amurka ta kudu, lamarin ya sha bamban. Duk shekara, a ranakun 1 da 2 ga Nuwamba, iyalai kan kafa tebur na musamman a cikin gida, su jera hotunan 'yan uwansu da suka rasu, su ajiye masu abinci da ruwa da furanni. Sunan wannan tebur ofrenda da Sifaniyanci, ma'ana abin da aka miƙa. Hotunansa sun cika intanet, kuma matasa da dama a Kano sun fara ganinsa ne a fim ɗin yara mai suna Coco, wanda ya fito a 2017.

Musulmin Kano ba ya kafa irin wannan tebur, addininsa ma bai ba shi dama ba. Amma buƙatar da ta haifar da teburin tana nan a kowane gida: kada sunan mamaci ya ɓata, kada alaƙa da shi ta yanke. Wannan bayani ya duba yadda al'ummomin biyu ke biyan wannan buƙata, da kuma wurin da Kano ke da giɓi.

Abin da ake ɗorawa a kan teburin

Mabiya al'adar sun ɗauka cewa a waɗannan ranaku biyu rayukan mamata kan dawo gida ziyara. Ranar 1 ga Nuwamba ta yara ce da suka rasu, ranar 2 kuma ta manya. Don haka ake shirya teburin kamar yadda ake shirya wa baƙon da ya sha hanya.

Yawanci akan yi shi hawa-hawa. Mai hawa biyu na nuni da sama da ƙasa, akwai mai hawa uku, akwai kuma mai bakwai, wanda ake fassarawa da matakan da rai ke bi kafin ya huta. A hawa na sama akan sa hoton mamaci, sau da yawa tare da gicciye ko hoton wani waliyyin Katolika, domin mafi yawan mutanen ƙasar mabiya wannan ɗariƙa ne. Kiristoci Hausawa na kiran irin wannan wuri na keɓe a coci da sunan bagadi.

Kowane abu a kan teburin da dalilinsa. Kofin ruwa don ƙishin tafiya ne, gishiri alamar tsarki, kyandir kuma don haska hanya. Ana ƙona wani ƙaro mai ƙamshi da ake kira kofal, wanda mutanen yankin ke amfani da shi a matsayin turaren wuta tun kafin zuwan Turawa. Furen da ya fi fice shi ne sempasuchil, mai launin ruwan goro da ƙamshi mai ƙarfi. A wasu garuruwa akan barbaza ganyen furen daga ƙofar gida har zuwa gindin tebur, don rai ya bi ƙamshi ya iso. Akwai burodi na musamman mai zaƙi da ake yi wa ado da siffar ƙasusuwa, da alewar sukari mai siffar ƙoƙon kai wadda akan rubuta suna a goshinta, da takardu masu launi da aka yayyanka aka rataya. Sai kuma abin da mamacin ya fi so yana raye: irin abincinsa, abin shansa, tabarsa in mai sha ne, kayan wasa in yaro ne.

Idan ranakun suka wuce, iyali da maƙwabta su ne ke cinye abincin. Da dama kan je maƙabarta su share kabari su ƙawata shi, wasu ma su kwana a can. Tsibirin Janitzio da ke jihar Michoacán da garin Mixquic da ke gefen babban birnin ƙasar sun yi suna da wannan kwanan maƙabarta.

Asalin al'adar

Masana ba su haɗu a kan magana ɗaya ba game da tushen bikin. Wasu na danganta shi da al'ummar Aztek da sauran 'yan asalin ƙasar, waɗanda ke da bukukuwan mamata tun kafin Sifaniyawa su ci babban birninsu a 1521. Wasu kuma, cikinsu har da masaniyar tarihi 'yar ƙasar, Elsa Malvido, sun nuna cewa ranakun biyu da burodin da alewar duk suna da asali a Turai, inda cocin Katolika ya daɗe da ware 1 ga Nuwamba ga waliyyai, 2 ga wata kuma ga sauran mamata. Abin da ya fi kusa da gaskiya shi ne hanyoyin biyu sun cuɗanya cikin shekaru ɗari biyar, kuma lokacin ya dace da kakar masara, sa'ilin da manomi ke da abin miƙawa.

Gwamnati da masu zane su ma sun sa hannu. Bayan juyin juya halin da ya fara a 1910, shugabannin ƙasar sun nemi alamomin da za su haɗa kan jama'a, sai aka ɗaukaka bikin ya zama tambarin ƙasa. Hoton ƙwarangwal ɗin mace sanye da malafar ƙasaita, wanda José Guadalupe Posada ya zana don yi wa masu kwaikwayon Turawa shaguɓe, ya ƙara shahara bayan Diego Rivera ya sanya shi a wani babban zanen bango a 1947. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun duniya a 2008. Shi kuwa babban jerin gwanon da ake gani a titunan birnin Meksiko sabon abu ne: an fara shi a 2016, bayan wani fim ɗin James Bond na 2015 ya nuna irinsa alhali babu shi a zahiri.

Kan gida: abin da ya yi kama da shi a ƙasar Hausa

A tarihin Hausawa akwai wurin bauta a cikin gida. Maguzawa, wato Hausawan da suka riƙe addinin gargajiya, suna da abin da ake kira kan gida: iskar da zuriya ta gada kaka da kakanni, wadda maigida ke yi wa yanka a wani keɓaɓɓen wuri don neman damina mai albarka, ko lafiya, ko haihuwa. Masanin nan Ba'amurke, Joseph Greenberg, ya zauna da Maguzawan ƙasar Kano a ƙarshen shekarun 1930, ya kuma wallafa bincikensa a 1946. Tarihin Kano ma ya kawo labarin Barbushe da Tsumburbura a Dala.

Sai dai akwai bambanci babba. Kan gida na iskoki ne, ba hoton wani kaka ko abincin da yake so ake ajiyewa ba. Abin da ake gada daga kakanni shi ne alhakin yin yankan. Da Musulunci ya kafu, musamman bayan jihadin da ya fara a 1804, wannan al'ada ta ja baya zuwa ƙauyuka, kuma a idon Musulmi ta zama shirka tsantsa. Shi ya sa Bakano na yau, da ya ga kyandir da abinci a gaban hoton mamaci, abin da zai fara faɗo masa shi ne tsafi, ko da yake masu yin al'adar a Meksiko suna cewa karrama baƙo suke yi, ba bauta ba.

Inda abincin ke tafiya a Kano

A aƙidar Musulunci mamaci ba ya dawowa gida, ba ya cin abinci, ba ya shan ruwa. Abin da ke isa gare shi lada ne da addu'a. Wani hadisi da Imamu Muslim ya ruwaito ya bayyana cewa aikin ɗan Adam na yankewa da mutuwarsa in ban da abu uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. A kan wannan ginshiƙi Hausawa suka gina kusan duk abin da suke yi wa mamatansu.

Saboda haka a Kano ma ana dafa abinci saboda mamaci, amma ba a ajiye masa. Fita da shi ake yi a bai wa rayayyu. A al'adar da aka gada, akan yi sadakar uku, da ta bakwai, da ta arba'in, wasu har da ta shekara. Akan daka gumba, a soya waina ko ƙosai, a raba wa almajirai da yaran unguwa da maƙwabta. Malamai su taru su sauke Alƙur'ani, a yi addu'a a roƙa wa mamaci gafara. A Meksiko abinci kan kwana a gaban hoto kafin iyali su ci. A Darmanawa yana zuwa ne kai-tsaye cikin kwanon almajiri, da fatan ladan ya riski wanda ke kabari.

Sadaka mai gudana ita ce ta fi daɗewa. Mai hali ya haƙa rijiyar burtsatse, ya gina masallaci ko ajin Islamiyya, ya biya wa mahaifinsa aikin Hajji in bai samu yi ba. Mai ƙaramin ƙarfi ya sayi butoci ko tabarma ya kai masallacin unguwa, ko ya ajiye randar ruwa a ƙofar gida lokacin zafi, ko ya ɗauki nauyin kunun buɗa-baki da azumi. Da yawa daga famfunan da ake gani a lungunan Kano na ɗauke da ɗan rubutu mai neman a yi wa wane ko wance addu'a.

Akwai kuma haƙƙin da ya riga duk wannan, wato bashi. A wurin jana'iza akan ji wani daga dangi ya tashi ya ce duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa, domin shari'a ta gabatar da biyan bashi da zartar da wasiyya a kan rabon gado. Matarsa kuma za ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko zuwa ta haihu in tana da ciki. Ga sauran dangi, zaman makoki kwana uku ne.

Saɓanin malamai

Ba duk Musulmin Kano ne suka yarda da sadakar uku da bakwai da arba'in ba. Muhawarar tsohuwa ce. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi magana a kan bidi'o'in da suka shafi jana'iza a littafinsa Ihya'us Sunna. A zamanin nan kuwa batun ya ƙara zafi da wa'azin Sheikh Abubakar Gumi, da kafuwar ƙungiyar Izala a Jos a 1978 ƙarƙashin Sheikh Isma'ila Idris.

Masu suka suna cewa ware waɗannan ranaku ba shi da tushe a sunna. Suna kafa hujja da hadisin da Annabi (SAW) ya umarci a yi wa iyalan Ja'afar ɗan Abu Ɗalib abinci bayan rasuwarsa, wanda ke nuna maƙwabta ne ya kamata su ciyar da gidan mutuwa, ba gidan ya ciyar da jama'a ba. Suna kuma nuna haɗarin ɗibar kuɗin sadakar daga dukiyar marayu kafin a raba gado. Masu goyon baya, galibi mabiya ɗariƙun Tijjaniyya da Ƙadiriyya, suna cewa sadaka da karatun Alƙur'ani alheri ne a kowace rana, ware lokaci kuma tsari ne kawai don dangi su haɗu.

A aikace, gidaje da yawa sun tsaya a tsakiya. Wasu kan yi addu'ar uku su sallami jama'a, su bar bakwai da arba'in. Tsadar rayuwa ma ta yi nata hukuncin, domin buhun gero ko shinkafa ba abin da kowane gida ke iya fitarwa sau uku cikin kwana arba'in ba ne. Abin da ɓangarorin biyu ba su yi jayayya a kai ba shi ne halascin yi wa mamaci addu'a da sadaka, da kuma ziyarar maƙabarta don tuna lahira, wadda hadisi ya yi izini da ita bayan hani na farko.

Suna da hoto

Hanya mafi ƙarfi da Bahaushe ke riƙe mamaci a cikin gida ita ce suna. Idan aka haihu bayan rasuwar kaka, sau da yawa akan mayar da sunansa ga jariri. Tun da alkunya ta hana ɗa ko suruka kiran sunan mahaifi gatsal, sai a yi wa yaron laƙabi: Abba, Baffa, Abbati, Halifa, ko Umma, Ummi, Mama, Walida. Duk ajin makarantar firamare a Tarauni da aka shiga za a samu masu irin waɗannan laƙubba, kuma bayan da yawa daga cikinsu akwai wani dattijo ko dattijuwa, a raye ko a kabari, da ake girmamawa. Irin wannan yaro kan samu gata na daban, har iyaye kan ji nauyin tsawata masa.

Hoto kuwa matsayinsa na da sarƙaƙiya. Akwai malaman da ke hana rataye hoton mai rai ko mamaci, akwai masu sassauci. Duk da haka, a falon gidaje da dama akan ga hoton maigida marigayi cikin babbar riga ko kayan Hajji. A jikin adaidaita sahu da shaguna ana liƙa hotunan malamai da shugabannin da suka rasu, irin su Shehu Ibrahim Inyass, da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam wanda aka harbe a masallacin Ɗorayi ranar 13 ga Afrilu 2007, da Malam Aminu Kano. Matasa kuma sun mayar da wannan aiki kan waya: ranar da mahaifiya ta cika shekara da rasuwa, a sa hotonta a Facebook ko WhatsApp, abokai su yi ta jero addu'a a ƙasa. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da teburin Meksiko a Kano ta yau, sai dai abin da ake tarawa a gaban hoton "Allah ya jiƙanta" ne.

Gidajen da suka zama wurin ziyara

Hadisi ya hana yin gini a kan kabari, shi ya sa kaburburan talakawa a maƙabartun Kano tudun ƙasa ne kawai, wani da ɗan allon ƙarfe mai suna. Amma akwai manyan mutanen da aka binne a cikin gidajensu, gidajen suka zama wurin tunawa.

Mafi shahara shi ne Hubbaren Shehu a Sakkwato, inda aka binne Shehu Usmanu bayan rasuwarsa a 1817. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta yi fice wajen rubuta marsiyyar 'yan uwanta, ita ma a nan take kwance. Kabarin ɗansa Muhammadu Bello na Wurno, na ƙanensa Abdullahi kuma na Gwandu. A Kano, Malam Aminu Kano, wanda ya rasu ranar 17 ga Afrilu 1983, an binne shi a gidansa na Gwammaja. Gidan, da aka sani da Mambayya, yanzu cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma akan shirya laccar tunawa da shi duk shekara. Sarki Ado Bayero, da ya rasu ranar 6 ga Yuni 2014, an binne shi a gidan sarki na Nasarawa, inda wasu magabatansa ke kwance. Mabiya Ƙadiriyya kuma, a Maukibinsu na shekara-shekara, kan tashi daga Kabara su yi jerin gwano zuwa ziyarar maƙabartar Maigiginya.

Waɗannan duk manya ne, kuma sunayensu ba sa fuskantar barazanar ɓata. Tambayar ta fi nauyi a kan talaka, musamman wanda ya mutu ta hanyar da ke buƙatar wani ya ba da amsa.

Lokacin da tunawa ta zama tuhuma

A Meksiko teburin ya daɗe da fitowa daga ɗaki zuwa dandali. Dalibai kan kafa shi don tuna waɗanda sojoji suka harbe a dandalin Tlatelolco ranar 2 ga Oktoba 1968. 'Yan jarida kan kafa shi da hotunan abokan aikinsu da aka kashe, a ƙasar da ƙungiyoyin kare 'yan jarida ke sanyawa cikin mafi haɗari ga wannan sana'a. Ƙungiyoyin mata kan kafa shi da sunayen matan da aka halaka. A 2020, shugaban ƙasar na lokacin, Andrés Manuel López Obrador, ya ayyana makokin kwana uku saboda waɗanda annobar korona ta kashe, aka kafa babban tebur a fadar gwamnati.

Ƙin kafa teburin ma magana ce. A watan Mayun 2022 adadin mutanen da hukuma ta yi wa rajista a matsayin waɗanda suka ɓata a ƙasar ya haura 100,000. Cikinsu akwai ɗalibai 43 na kwalejin horon malamai ta Ayotzinapa da aka yi awon gaba da su a garin Iguala cikin Satumban 2014. Da yawa daga iyalan waɗanda suka ɓata ba sa yarda a sa hoton 'ya'yansu cikin na mamata, domin yin haka tamkar sallama wa hukuma ne ta rufe bincike.

Ƙarfin wannan salo yana cikin abu ɗaya: kowane mamaci da fuskarsa da sunansa. Jami'in da zai iya musanta adadi yana shan wuya kafin ya musanta hoto da uwa ke riƙe da shi.

Giɓin da ke Kano

A nan ne tsarin Kano ke da rauni. Musulunci ya yi umarni da gaggauta binne mamaci, don haka wanda ya rasu da asuba kan kwanta a kabarinsa kafin azahar. Da yawa a gida suke cikawa, ba likitan da ya duba su. Doka ta 1992 ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma iyalai ƙalilan ne ke neman takardar shaidar mutuwa, sai in akwai fansho ko kuɗin banki da za a karɓa.

An ga illar haka a watan Afrilun 2020. Lokacin da mace-mace suka yi yawa a birnin, har da fitattun mutane irin su Farfesa Ibrahim Ayagi, ba daga wata rajistar hukuma labarin ya fito ba. 'Yan jarida sun samo shi ne daga bakin masu haƙar kabari a maƙabartu irin su ta Gyaɗi-Gyaɗi da ta Ɗandolo, waɗanda suka lura cewa aikinsu ya ninka. Gwamnatin jihar ta fara danganta lamarin da hawan jini da ciwon sukari da zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau. Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya dokar kulle ta mako biyu a jihar. Da babu gawa da za a bincika, sai jami'ai suka bi gida-gida suna tambayar iyalai alamomin ciwon da mamaci ya nuna. A watan Yuni ministan lafiya, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 da suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya kasancewa da alaƙa da korona. Gwamnatin jihar ba ta amince da wannan ƙiyasi ba.

Haka abin yake a sauran manyan rashe-rashe. Hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu 2012 sun halaka aƙalla mutum 185 a Kano. Harin babban masallacin Juma'a na ƙofar gidan sarki, ranar 28 ga Nuwamba 2014, ya ci rayuka fiye da 100. A Kaduna, sakataren gwamnatin jihar ya shaida wa kwamitin bincike a Afrilun 2016 cewa an binne gawa 347 a rami ɗaya a yankin Mando bayan arangamar sojoji da mabiya Sheikh Ibrahim Zakzaky a Zariya cikin Disambar 2015. A Tudun Biri, jirgin soja maras matuƙi ya kashe aƙalla mutum 85 a wurin Mauludi ranar 3 ga Disamba 2023. Bayan zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024, ƙungiyar Amnesty International ta ce an kashe aƙalla mutum 24 a jihohi da dama ciki har da Kano, rundunar 'yan sanda kuma ta musanta.

Jama'a sun fi riƙe waɗannan abubuwa da adadi, adadin ma ana jayayya a kansa. Kowane ɗaya daga cikin mamatan an yi masa addu'a a gidansu, wataƙila an raba gumba, wataƙila akwai wani Abba ko Ummi da ke ɗauke da sunansa. Amma wannan tunawa ta tsaya ne a cikin zaure. Akwai kuma ɗabi'ar da ke sa a ɗauki yawan tambaya a kan mutuwa tamkar ƙin yarda da ƙaddara. Malaman fiƙihu kuwa ba su ce haka ba: shari'ar da ta koyar da haƙuri ita ce ta tanadi ƙisasi da diyya, kuma ba a biyan diyya sai an san wanda aka kashe da magadansa.

Abin da za a iya ɗauka

Babu mai cewa gidajen Darmanawa su kunna kyandir a gaban hoto. Darasin da ke cikin al'adar Meksiko wanda bai ci karo da aƙida ba shi ne rubuta suna da adana shi. Rubuta suna ba baƙon abu ba ne a wurin Hausawa: malamai sun daɗe suna rubuta ranar rasuwar malamansu da iyayensu a bangon littafi, mawaƙa sun yi marsiyya, masu tarihi sun jera sarakuna da shekarun mulkinsu.

Abin da ya rage shi ne wannan ɗabi'a ta sauko kan kowa. Littafin rajista a ƙofar kowace maƙabarta, mai ɗauke da suna da shekaru da unguwa da ranar binnewa, ba ya buƙatar kuɗi mai yawa. Kwamitocin maƙabartu da masu unguwanni da limaman da ke sallatar gawa sun riga sun san wanda ya rasu, abin da ke buƙatar gyara shi ne isar da wannan sani ga ƙaramar hukuma da Hukumar Ƙidaya, da kuma biyan masu haƙar kabari haƙƙin da zai sa su riƙe aikin. Ga waɗanda suka mutu a hari ko a hannun jami'an tsaro, jerin sunaye da aka tantance shi ne matakin farko na duk wata ƙara ko neman diyya.

Allon ƙarfen da ake kafawa a kan kabari a Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni damina kaɗan ke cinye rubutunsa. Bayan haka sai dai mai haƙar kabari ya nuna da hannu ya ce nan ne, in yana raye kuma bai manta ba.